Yadi Tara na Ɗakin Auta

A layin awon jini na fara jin labarin. Muna zaune a kan dogon bencin asibiti, kowa da katinsa a hannu, sai matar da ke gefena, wadda ban taɓa gani ba, ta ce wai akwai wata yarinya a unguwarsu, 'yar shekara goma sha biyar, da ta ƙi yadin labule goma sha bakwai. Ubanta ne ya ce ta zaɓi wanda zai dace da adon ɗakinta, shi ke nan ta mayar da kasuwa gidansu. Wai mai shagon har ɓuya yake yi idan ya hango ta. Ta bayanmu ta leƙo ta ce ba goma sha bakwai ba ne, talatin ne, kuma waya ce ta lalata ta, don duk yarinyar da ta saba da waya ba ta ƙara gamsuwa da komai a duniya. Wata ta ce laifin uban ne, ai yaro ba a tambayarsa abin da yake so, ba shi ake yi ya ce ya gode. Kowa ya gyaɗa kai. Kafin layi ya zo kaina yadin ya kai arba'in, uban kuma ya zama injiniya a ma'aikatar ruwa, mai 'ya'ya uku, maza biyu da auta mace.

A nan na gane jikata ake nufi. Da na shiga, nas ta ce jinina ya ɗan hau.

Ban yarda da labarin ba. Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin lamba ta ninka kanta tana zaune a benci ba. Ban da haka, na san Auta. Yarinyar da ta yi shekara uku tana zuwa makaranta da jakar yayanta mai hoton mota, ba ta taɓa cewa a sauya mata ba. Tun tana ƙarama a falo take kwana, a katifar da ake naɗewa kullum da safe a cusa bayan kujera, don ɗakin yara ɗaya ne a gidan kuma yayyenta maza ne a ciki. Sai wata takwas da suka wuce, da na biyun ya tafi jami'a, aka ba ta ɗakin. Ranar da aka miƙa mata mabuɗin ta zura shi a zare ta rataya a wuya, har wanka da shi take shiga.

Na kira 'yata, uwar Auta, na ce ta gaya mini gaskiyar lambar.

"Ashirin da uku ne, Mama," ta ce. "Sati uku ke nan muna zarya. Ni dai ƙafata ta gaji."

"Uban nata me ya ce?"

"Ya ce kada a matsa mata."

"Ke kuma fa?"

"Ni me zan ce? Ɗakinta ne."

Na san muryar 'yata idan ranta ya ɓaci, wannan ba ita ba ce. Amma a lokacin hankalina na kan lamba. Ashirin da uku ba arba'in ba ne, sai dai ba kuma biyu ba ne. Na ce mata ranar Laraba bayan an tashi makaranta ni zan raka yarinyar kasuwa, a gabana za a yi ta ta ƙare.

Sai da na ƙwanƙwasa kafin a buɗe mini ɗakin, ni da na yi wa uwarta wankan jego. Ɗakin dai ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Bango uku ruwan toka ne mai haske, na huɗun tsanwa, ita ta shafa shi da hannunta, har ana ganin inda buroshi ya kuɓuce mata kusa da silin. Zanen gadon fari ne mai ɗigo-ɗigon rawaya. Ta ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa, ta maƙala hotunan ƙawayenta da abin shanya. Littattafai suna kan katako biyu da ta ɗora a bulo, an jera su bisa tsawo, ba bisa darasi ba. A ƙasa akwai 'yar darduma mai zagaye wadda ba a takawa da takalmi. A bayan ƙofa kuwa ta liƙa takarda: duk wanda ya shigo ya fita da abin da ya shigo da shi.

Na cire rigar matashin kai ɗaya na ninke. Na duba ƙarƙashin gado na samo murfin gwangwanin fentin nan tsanwa, da na ruwan tokar. Na zuba duka a jakata.

"Tsohuwa, me kike yi da kayana?"

"Shaida nake tarawa, ƙawata. An ce ba ki da kunya, kin wahalar da uwarki. Ni kuma na ce ba rashin kunya ba ne, rashin tsari ne. Kina zuwa shago da launi a cikin kanki, shi kuwa launi ba ya zama a kai. Yau da shi za mu je a jaka."

Ta yi tsuru-tsuru. Ta ce ai gobe suna da jarrabawa. Na ce ta wane darasi? Ta ce lissafi. Na ce madalla, a hanya za mu yi bita.

Shagon mai labule dogo ne siriri, dila-dilan yadi a tsaye hagu da dama har rufi, can ciki tela na taka keke. Da ya hango mu bai ɓuya ba, kamar yadda matan asibiti suka ce. Kujera ya jawo ya karkaɗe.

"A'a! Shugabar hukumar tantance labule da kanta! Yau har da babbar alƙaliya aka taho? Sannu da zuwa, Hajiya. Ki zauna, zaman zai yi tsawo."

"Ba zai yi ba," na ce. "Sauko mana da waɗanda ta ƙi."

Ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin laifin kowanne kamar mai karanta takardar ƙara. Wannan shuɗin, in ji ta, baƙin ciki ne da shi. Wannan fari kamar na ɗakin haihuwa. Mai furannin nan na gidan amaren da ne. Ruwan hantan yana sa mutum ya ji kamar an kira shi ofishin shugaban makaranta. Akwai wani ruwan zuma da ya ce ta yi minti ashirin tana shafawa, har ya ɗauko almakashi, sai ta ce ya yi kyau da yawa, zai kunyata sauran kayan ɗakin.

"Wallahi Hajiya, shekara ashirin ina sayar da labule, ban taɓa jin an ƙi yadi don ya yi kyau ba."

Na kalli Auta. Tana kallon ƙasa, tana murza zaren wuyanta. A raina na ce yarinyar nan tana da kai, kuma a ashirin da ukun nan, goma sha biyar na ga dalilinta. Sauran takwas ɗin ne ban gane ba. Na danganta su da fitilar shagon, irin farar nan mai sa kore ya koma shuɗi. Na ce a fito mana da yadi waje, rana ta yi mana alƙalanci.

Muka shimfiɗa shaida a kan teburin bakin ƙofa: rigar matashi a tsakiya, murfi a dama, murfi a hagu. Na sa aka riƙa kawo dila ana ajiyewa a gefensu. Na tara ne ya faɗa daidai. Ruwan toka ne mai kauri, da siraran ganye tsanwa a jikinsa, a tsakanin ganyen kuma ɗan ɗigon rawaya nan da can, kamar wanda ya saƙa shi ya taɓa kwana a ɗakin. Har telan ya bar kekensa ya fito ya gani. Wata mata da ke wucewa ta tsaya ta ce kai, wannan ai tare aka haife su.

"To, ƙawata, faɗi laifinsa."

"Ganyen sun yi..." Ta tsaya.

"Sun yi me?"

"Rawayar ta ɗan..."

Na ɗaga rigar matashin na manna a jikin yadin. Ko ita ba ta iya nuna inda ɗigon wannan ya ƙare na wancan ya fara ba.

"Yana da kyau?"

"Yana da kyau, Kaka." Da ƙyar na ji ta. Kuma Kaka ta ce, ba Tsohuwa ba, amma ban lura ba sai daga baya.

"Ya dace da ɗakin ko bai dace ba?"

"Ya dace."

"Malam, yanka."

Bai jira na maimaita ba. Ya buɗe littafinsa ya duba awon da Injiniya, uban Auta, ya bar masa tun sati uku, ya fara warware dila. Ni kuma na juya ina yi wa Auta bayanin yadda ake warware kowace matsala idan an kawo abin da aka sani an ajiye kusa da abin da ba a sani ba. Ina cikin bayani na ji ƙarar almakashi, ƙyat, ya ratsa yadin daga baki zuwa baki. A saman kansa akwai allo da aka rubuta cewa yadin da aka yanka ba ya komawa.

"Yadi tara cif," ya ce yana ninkewa.

"Tara? Tagar ɗakin nan ko uku sun yi mata yawa. Ko filin jirgi za a rufe?"

"Taga kuma, Hajiya? Ai ba na taga ba ne. Daga bango zuwa bango ne, daga silin zuwa ƙasa. Faɗin ɗakin yadi huɗu da rabi, a ninka saboda tattara, tara ke nan." Ya juya wajen Auta. "Saura abu ɗaya, shugaba. Yadin nan fuska ɗaya gare shi, bayansa fari ne fat, duk zare. Wane ɓangare fuskar za ta kalla, naki ko na mai zuwa?"

Auta ta ce a tambayi Baba. Ta ɗauki rigar matashinta da murfin nan biyu ta fita.

A cikin tasi ta gaya mini, tana kallon waje. Gwaggo ce za ta dawo gidansu, yayar Injiniya, wadda mijinta ya rasu wata biyar da suka wuce. Ba wani ɗaki a gidan sai nata, don haka za a raba shi biyu da labule. Babanta ya ce don kada ta ji an ƙwace mata, ita za ta zaɓi yadin, duk wanda ranta ke so, wanda zai dace da adonta. Ranar da aka rataya shi, washegari Gwaggo za ta tare.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba tun a gida?"

"In ce miki me? In ce ba na son Gwaggo ta zo? Mijinta ya mutu fa, Kaka. Ita kaɗai ce a can. Kullum sai ta kira ni ta ce kada in yi gaggawa, in zaɓi mai kyau, ita ba komai za ta jira. Idan ta faɗi haka sai in ji kamar in nutse." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ni ba cewa na yi har abada ba. Na ce dai ko zuwa ƙarshen zangon nan."

Direban ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, jikar ce ta faɗi jarrabawa?" Na ce a'a, kakar ce ta ci.

Washegari da hantsi na tafi wajen Gwaggo. Na ce tunda na yi ɓarna, bari in ga aƙalla wadda na yi wa gyara. Na sa rai in tarar da mace a zaune cikin duhu, ta haɗa kai da gwiwa, kamar yadda kowa ya san matar da ta rasa miji take zama.

Tun daga matakala na jiyo rediyo. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan gini. A barandar an jera tsofaffin gwangwanayen fenti, kowanne da shuka a ciki, wata kyanwa na kwance a tsakaninsu kamar ita ke karɓar haya. Gwaggo na gaban injin saƙa tana kai hannu tana kawowa, rigunan sanyi na 'yan makaranta sun taru a kwando. Ta yi ƙiba.

"Lale, lale da surukarmu! Yau wace rana? Shigo, ture kyanwar nan, ba ta da ladabi."

Na yi mata gaisuwa, muka yi wa mamaci addu'a, ta share ido da gefen mayafi yadda ya kamata. Ta kawo shayi. Daga inda nake zaune ina hango gadonta ta ƙofar ciki, matashi ɗaya ne a kai, a tsakiya sosai.

Na ce na zo da albishir, Auta ta zaɓi labule, jibi Asabar za a rataya.

Kofin ya tsaya a hanya, tsakanin faranti da bakinta.

"Ta zaɓa?"

"Ta zaɓa."

"Kai! Wace irin yarinya ce wannan? Ba cewa aka yi ta ƙi hamsin ba?"

"Ashirin da uku."

"To ina laifin ta ƙara ashirin da uku?" Ta ajiye kofin har shayi ya fantsama. Sai ta tuna da ni, ta gyara fuska. "Ina nufin, kada a ce an matsa wa yarinya saboda ni."

Na yi shiru ina kallonta. Na daɗe da sanin cewa idan aka yi shiru aka kalli mutum, ko ɗalibi ne ko tsohuwa, sauran amsar na fitowa. Ta tashi ta rage rediyo, ta dawo ta matso da kujera.

"Hajiya, tsakanina da ke. Shekara arba'in da ɗaya ina kwana a jikin bango. Allah ya jiƙan mutumin nan, mutumin kirki ne, amma idan ya baje a gado sai ka ce filin gadonsa ne. Ba ya son rediyo, ba ya son kyanwa, ƙarar injin nan tana sa masa ciwon kai. Yanzu in na ga dama in ci abinci a tsaye, in na ga dama in ci a kwance. Shi ke nan sai ƙanena ya miƙe ranar ta'aziyya, gaban mutum ya fi ɗari, ya ce Yaya ba za ta zauna ita kaɗai ba yana raye. Mutane suka yi ta sa masa albarka, har da masu kuka. In ce masa me? In ce a'a, na fi son kyanwa?"

"Sai kika ce a bar yarinya ta zaɓi labule."

"Ni na kawo shawarar! Na ce ba zan taka gidan ba sai 'yata ta zaɓi wanda take so da kanta. Ai kowa ya san yaran yanzu, kafin su tsayar da rai a kan abu ɗaya an shekara. Na ce kafin nan maganar ta bi ruwa. Kullum ina kiranta ina cewa ta bi a hankali. Har a wajen masu sayen riguna nake ba da labarinta, don in ji daɗin bakina." Ta tafa hannu. "Wane ɗan neman suna ne ya samo mata yadin?"

Na ce shayin ya yi daɗi, wane ganye take sawa?

Kafin in tafi na gaya mata ita ma Auta ba ta so. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe jininta ce. Na ce to tunda haka ne, ta kira ƙanenta ta gaya masa, magana ta mutu. Dariyar ta ɗauke. Ta ce idan shi ya ce gidan ya yi ƙanƙanta, ita ba za ta yi musu ba. Amma bakinta ba zai fara ba.

Ranar Juma'a da yamma na sami Injiniya a kan tsani a tsakiyar ɗakin Auta, da fensir a kunne, yana ɗaura dogon ƙarfen da labulen zai bi. An riga an ture gadonta jikin bango tsanwa, an kwance igiyar hotuna don ta ratsa iyaka. Ya sauko da sauri ya rusuna.

"Mama, sannu da ƙoƙari. An ce ke kika raba gardama. Allah ya saka."

Na ce amin. Na tambaye shi, a matsayinsa na mai awo, mutum biyu da injin saƙa da kyanwa za su shiga nan? Ya ce injin dai sai a sayar, kyanwa kuma uwar Auta ba ta shiri da ita. Na ce shi fa, yana so? Ya cire fensirin ya duba bakinsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Mama, ba maganar so ba ce. Na riga na faɗa a gaban jama'a. Ita Yaya, kin san ta, tun muna yara ita ke kashe wuta ta kunna a gidanmu. Ranar da ta zo yini nan sai da ta sauya wa kujerun falo wuri." Ya sosa ƙeya. "Da a ce ita ce ta ce ta fi son can, wallahi ko kaɗan ba zan tilasta mata ba. Amma ni in buɗe baki in ce kada ta zo? Da wane ido zan kalli dangi?"

A kicin na tare 'yata. Ba ta ko bari na gama ba.

"Ni, Mama? In ce kada 'yar'uwarsa ta zo? Kafin magariba an ce matar Injiniya ta kori marainiyar Allah. Da dai yarinyar ta ci gaba da ƙin yadin nan, da ba wanda ya yi laifi." Ta ci gaba da yanka albasa, ba ta kalle ni ba.

Na koma gida na auna abin ta kowace fuska. Mutum huɗu, amsarsu ɗaya, kowa na jiran wani ya fara faɗa. Wannan ai ba matsala ba ce. Abin da ya rage kawai a sami wanda ba ruwansa ya rubuta amsar a allo kowa ya gani.

Asabar da safe mai labule ya kawo aikinsa da kansa, ya ce yana so ya ga ɗakin da ya hana shi barci. Gwaggo ma ta zo ganin wurinta, da sabon mayafi. Muka cika ɗakin, Auta na zaune a bakin gado ta rungume matashi. Injiniya ya hau tsani, aka fara miƙa masa zobba. Na bari sai da ya zura na farko, sannan na yi gyaran murya.

"Kafin a wahala, bari in faɗi abin da kowa ya gaya mini a ɓoye. Gwaggo ba ta son tasowa, ta fi jin daɗin ɗakinta. Auta ba ta son a raba nata. Injiniya ba ya so, uwar Auta ba ta so. Ba wanda ya yi laifi. A ninke yadin nan a yi wa tagogin falo, kowa ya koma inda yake."

Zobe ɗaya ya suɓuce daga hannun Injiniya, ya gangara ƙarƙashin gado, muna jin sa yana juyi har ya kwanta. Mai labule ya ce bari ya duba ko ya kulle motarsa, alhali a ƙafa ya zo.

Gwaggo ce ta fara. Ta dafe ƙirji.

"Ni? Ni na ce ba na son zuwa gidan ƙanena? Hajiya, ki ji tsoron Allah. Ni da nake ƙirga kwanaki! Ai wurin can da nake, ba don haƙuri ba, kaɗaici ya isa ya kashe mutum."

"Yaya, kada ki ji komai," in ji Injiniya daga saman tsani. "Gidan nan gidanki ne. Ko ɗakina kika ce, fita zan yi in bar miki."

"Mu da muke ta murna," in ji 'yata. "Jiya ma har na sayo mata bokiti."

Duk suka juya wajen Auta. Na kalle ta ni ma, na ɗan gyaɗa mata kai, don kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ta kalli babanta a kan tsani, ta kalli Gwaggo da ke share hawaye da sabon mayafi.

"Ni na zaɓi labulen da kaina," ta ce. "Na daɗe ne don ina so Gwaggo ta sami mai kyau."

Gwaggo ta rungume ta tana cewa 'yar albarka, 'yar albarka. Ta saman kafaɗar yarinyar ta watso mini wani kallo wanda ban ga irinsa ba tun da na bar aji. 'Yata ta matso ta kama hannuna a hankali.

"Mama, kin sha maganinki na safe kuwa? Zo ki zauna a falo, nan akwai zafi."

Daga falo na ji sauran. Mai labule ya dawo ya tambayi ina fuska za ta kalla. Gwaggo ta ce wajen yarinya mana, ai don adonta aka saya. Auta ta ce a'a, wajen Gwaggo. Gwaggo ta rantse, Auta ta rantse. Suka yi ta turawa juna kamar ragowar nama a gaban baƙo, har Injiniya ya ce babba babba ne, a juya wa Yaya. Na ji zobba suna gudu a kan ƙarfe daga wannan bango zuwa wancan.

Da za ni gida na leƙa. Ta ɓangaren ƙofa, inda aka ajiye sabon gado, ganye tsanwa ne da ɗigon rawaya daga sama har ƙasa. Na ɗaga gefe na shiga ɗaya ɓangaren. Auta na tsaye a kan gado tana neman inda za ta ɗaura igiyar hotuna, a bayanta farin yadi, duk zare. Wurin bai kai a shimfiɗa darduma mai zagaye ba, an naɗe ta an jingine. Na ce ƙawata, na tafi. Ta ce a sauka lafiya, Kaka.

Gwaggo ta tare ranar Lahadi. Ta sayar da injin saƙa, ta bar wa mai shagon kayan gini kyanwa da shuke-shuken, an ba wani ɗakunanta tun kafin wata ya ƙare. Auta ta miƙa mata mabuɗin, don ƙofar a ɓangarenta take. Yadi ashirin da uku yarinyar ta ƙi, ba ko ɗaya da ta ƙi saboda launinsa. Mutum huɗu ne a gidan yanzu, ba wanda ya so haka a cikinsu. Yadin kuwa ni na zaɓa.